Gurbi a Dutsen Galih

Farin dutsen yana kwance a kan bencin aiki tun watan jiya, an goge shi har mutum na iya ganin haƙoransa a ciki. A sama an sassaƙa suna, GALIH PRASOJO. A ƙasa da sunan an rubuta "an haife shi", ga rana ga wata ga shekara. A layin ƙarshe kuma ga ranar da jirgin samansa ya faɗa teku, amma a gaban wannan rana akwai gurbi kamar faɗin tafin hannu, babu komai a cikinsa. Saura kwana tara a cika kwana dubu, ranar da ake ɗora wa kabari dutsensa, kuma Pak Marsudi, wato Baba Marsudi, wanda ya shekara arba'in da ɗaya yana sassaƙa duwatsun kaburburan mutanen garin Tulungagung, ya kasa gama na ɗansa.

Parno, ƙanin matarsa, ya jingine babur a gindin mangwaro, ya shigo rumfar yana kaɗe ruwan sama daga hularsa. Ya tsaya a kan dutsen, ya dube shi, ya ja tsaki.

"Mas, yayana, har yanzu? Wallahi yadda na bar shi ran Juma'a haka yake. Akuyar sadakar dai na samo, tattabaru ma na yi magana, liman ya san da ranar. Kai kaɗai muke jira."

"Takarda nake jira."

"Takarda! Shekara uku ba wata uku kana jiran takarda. Harafi biyar ne fa. Ɗauki cizal ka buga abinka. Wa zai zo maƙabartar ƙauye da tabarau yana duba maka aiki?"

"Ni zan duba."

"To sa 'ya rasu' kamar na kowa, mu huta."

Pak Marsudi ya zare tabar kanumfari daga bakinsa. "Tsohon da ya kai tamanin da tara, tari ya ɗauke shi a kan tabarma, jikoki kewaye da shi, shi nake sa wa 'ya rasu'. Galih ba haka ya tafi ba, Parno."

Kalmomi biyu ne suka hana gidan nan sakat, kuma dukansu na harshen hukuma ne, wanda ake cika takarda da shi. Mu a gida ba da shi muke kuka ba. Ta farko ita ce *gugur*, wadda ake faɗa wa sojan da ya faɗi saboda ƙasarsa, kalma mai tsafta da ake cire hula idan an ambace ta. Ta biyu ita ce *tewas*, wadda jarida ke bugawa idan tirela ta taka ɗan acaɓa, ko jama'a sun yi wa ɓarawon kaji taron dangi har ya sheƙa. A wajen sojoji wai ba zagi ba ce, wai haka suke kiran wanda ya mutu a bakin aiki ba tare da abokin gaba ba. Su suka san wannan. A nan garin, wanda aka ce da shi *tewas* an san irin mutuwar da ya yi. Kuma ita ce aka buga wa Galih a takarda, da hatimi da sa hannu.

Da wani masassaƙin ne da tuni an wuce wajen. Amma kowa ya san Pak Marsudi da taurin kai a kan abu guda: ba ya sa wa dutse abin da bai tabbata ba. An taɓa kawo masa aikin wani dattijo da ya shekara goma sha ɗaya a layin masu jiran kujerar Makka, ya cika saura wata huɗu a kira sunansa. 'Ya'yan suka ce a sa masa "Haji". Pak Marsudi ya ce niyya tana wajen Allah, shi kuwa abin da ya faru yake sassaƙawa. Aka kai ruwa rana, babban ɗan har da hawaye, mutumin nan ko gezau. Suka ɗauki dutsensu suka kai wani wuri. A lokacin duk mun yaba masa, don ba uban ɗayanmu ba ne. Yanzu ga shi abin ya biyo ta kansa, ba ya iya sa *gugur* sai an ba shi a rubuce, zuciyarsa kuma ba ta iya ɗaukar *tewas*.

Galih bai gaji sana'ar ba. Bahago ne, cizal uku ya karya kafin uban ya haƙura da shi. Yaro ne da ko bas ɗin zuwa garin Kediri aka sa shi sai ya yi amai, shi ya sa ranar da aka ce an ɗauke shi sojan ruwa, kuma wai jirgin sama zai tuƙa musu, Parno ya yi dariya har ya faɗo daga benci. Amma ya tuƙa ɗin. Yakan zo hutu cikin fararen kaya, uwarsa Bu Lastri, wato Inna Lastri, tana bin sa da faɗa kada ya shiga rumfa da su, shi kuwa ya zauna daram a kan ƙurar dutse ya ce fari a kan fari ba ya nunawa. A tsaye yake cin abinci, daga tukunya, yana ƙona yatsu. Yana da wata dariya mai shigen shaƙuwa wadda ake jiyowa daga bakin titi.

Wata safiyar Talata, sama garau, jirage biyu na horo suka tashi daga sansani suka nufi teku. Ɗaya ya dawo. Sai a kwana na uku aka ciro ɗayan, Galih yana ɗaure a kujerarsa. Shekararsa ashirin da huɗu. An kawo mana shi cikin akwatin da aka riga aka buga wa ƙusa, an lulluɓe da tuta, ba a bar uwar ta ga ko ƙafarsa ba. Aka harba bindigogi a maƙabarta har kajin unguwa suka watse, aka naɗe tutar aka ba uban, motoci suka juya. Bayan wata biyu takardar ta iso.

Wasiƙa bakwai Pak Marsudi ya rubuta, aka amsa biyu, su ma duk magana ɗaya ce: ana dubawa. Sau uku yana sa rigarsa ta batik, mai zane-zane ta fita unguwa, yana yin tafiyar awa huɗu zuwa birni, a ba shi kujera, a ba shi shayi mai zaƙi, a ce wanda ke da alhakin ya fita taro. Ba a taɓa yi masa rashin kunya ba, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Da zagi ne da ya san da wa yake faɗa. Ita kuwa Bu Lastri, a duk tsawon lokacin nan ba ta taɓa sa baki ba. Takan goge masa rigar idan zai tafi, ta karɓa ta wanke idan ya dawo.

Washegarin zuwan Parno waya ta yi ƙara. Kyaftin Bramantyo ne, abokin Galih tun makarantar soja, wanda suke kira Bram. Shi ne ya tuƙa jirgin da ya dawo, kuma tun ranar jana'iza bai sake tako garin ba. Ya ce ran Alhamis za a yi taron tunawa da matuƙan da aka rasa, an gayyaci iyaye, kwamanda da kansa zai yi jawabi.

"Kwamanda da kansa?" in ji Pak Marsudi.

"Da kansa, Pak."

"To ba zai fita taro ba ke nan, tunda taron ne a gidansa."

Ran Alhamis suka sauka daga bas da hantsi, shi da Bu Lastri. Tun daga ƙofar sansanin an jera allunan furanni hagu da dama, manya-manya, sun fi mutum tsawo. Pak Marsudi ya tsaya cak a gaban na farko. An rubuta da fararen furanni, kowane harafi ya kai kamu guda: *gugur*. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Ya kama hannun matarsa, abin da bai taɓa yi a bainar jama'a ba.

"Bu, kin gani? Sun gyara."

"Mu je mu zauna, Pak. Rana."

Aka zaunar da iyaye a layin gaba ƙarƙashin rumfa. Aka ɗora hotuna goma sha huɗu a kan tebur, na Galih shi ne na biyu daga ƙarshe, an ɗauke shi yana ƙoƙarin danne dariya. Kwamanda ya hau mumbari, dogon mutum mai furfura a gefen kunne, muryarsa mai daɗin sauraro. Ya ce waɗannan samari sun *gugur* suna tsaron sararin ƙasa. Ya ce wanda ya *gugur* ba ya mutuwa a zuciyar 'yan'uwansa. Pak Marsudi yana lanƙwasa yatsu a kan gwiwarsa, har sau goma sha ɗaya ya ji kalmar, sau ɗaya ma haɗe da sunan ɗansa. Wata uwa a kusa da su ta suma, aka yi mata fifita da takardar jadawali. Jirage uku suka wuce ta sama, aka busa ƙaho, aka ce a shiga zaure a sha shayi.

A zauren ne ya tare kwamandan, tsakanin tebur ɗin kofuna da na ƙananan kwalayen abinci. Ya rusuna kamar yadda ya kamata, ya zaro takardar daga aljihun ƙirji, ta sha ninki har ta fara rabewa.

"Pak Kwamanda, ni ne mahaifin Laftana Galih."

Kwamandan ya kama hannunsa da hannu biyu. "Allah Sarki. Yaron kirki, Pak. Mun yi rashi."

"Na ji jawabinka. Sau goma sha ɗaya ka faɗa. Ni sau ɗaya nake so, a nan." Ya nuna wurin da ɗan yatsansa mai kaushi. "Ka soke wannan, ka rubuta waccan, ka sa hannu. Ga alƙalami na zo da shi."

Murmushin kwamandan bai gushe ba, sai dai ya ɗan yi sanyi. "Pak, a zuciyarmu duka Galih *gugur* ne. Babu mai musun wannan."

"To rubuta abin da ke zuciyar taka."

"Takarda tana da ƙa'idarta, ba ni na kafa ba. Kafin a rubuta waccan kalma sai an yi arangama da abokin gaba. Shi kuwa horo ya fita. Ba raini ba ne, wallahi, rabe-rabe ne kawai na aiki."

"Amma furanni ba su da ƙa'ida."

"Pak..."

"Ina tambaya ne don in fahimta, ni ba mai ilimi ba ne. Wato da wani ɗan fashin teku ya harbe shi, da ya cancanta. Da yake ku kuka ce ya hau, ya hau, ku kuka ce ya bi ta kan ruwa, ya bi, bai cancanta ba." Muryarsa ba ta tashi ba, amma cokula sun daina ƙara a kofuna. "Ai da kun faɗa mini tun farko, da na nemo wanda zai harbe shi."

Wani hafsa ya matso ya raɗa wa kwamandan cewa ana jiran sa wajen ɗaukar hoto. Kwamandan ya sake matse hannun tsohon, ya ce ƙofarsa a buɗe take kullum, ya wuce. Aka miƙo wa Pak Marsudi kwalin abinci, ya karɓa, don bai san yadda ake ƙin karɓa ba.

Bram ne ya rako su bakin ƙofa. Ya yi ƙiba kaɗan, ya yi aure, an ce har da 'ya. Ya sumbaci hannun Bu Lastri, ya kasa haɗa ido da ita. A gefen hanya ma'aikata sun riga sun fara loda allunan furannin a bayan mota, ana jefa wani kan wani.

Pak Marsudi ya tsaya a inuwar wata bishiya. "Nak Bram, ɗana, kai kana wurin. Ba na son na takarda, naka nake so. Idan ka ce mini yaron nan ya yi faɗa, ko da iska ne, ko da injin ne, ya yi ta kokawa don kada ya faɗa kan masunta ko wani abu makamancin haka, zan karɓa daga bakinka in sassaƙa. Shaidar ido ta fi hatimi. Amma kada ka yi mini ƙarya don ka ga na tsufa."

Bram ya buɗe baki. Kowa na iya ganin ƙaryar ta zo masa har leɓe, kyakkyawa, wadda za ta sallami kowa. Ya dubi hannayen tsohon, ya haɗiye ta.

"Babu masunta a wurin, Pak. Babu iska. Ina bayansa, muna juyawa hagu kamar yadda muka yi sau ɗari. Sai na ga hancin jirginsa ya sunkuya. Na kira shi sau uku. A na ukun ya amsa."

"Me ya ce?"

"Cewa ya yi, 'Dakata.' Kamar wanda ake kira cin abinci yana ɗaure takalmi. Shi ke nan, Pak. Ban san me ya faru ba, har yau ban sani ba. Kullum sai na..."

"Ya isa," in ji Pak Marsudi. "Na gode. Ka yi gaskiya."

Suka hau bas suka koma gida. Kwalin abincin ma a bas suka manta shi.

Kwana biyu bai shiga rumfa ba. A na uku da la'asar ya shiga, ya share ƙurar da ta kwanta a kan dutsen, ya ɗauki fensir da ma'auni. Ya ja layi biyu a gurbin, ya raba shi gida biyar. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya zana harafin farko na *tewas*, a hankali, da kyau, don ko abin da ya tsana ba ya iya yin sa a karkace.

Bu Lastri ta shigo da kofi da dafaffen rogo, ta ajiye a inda ta saba. Ta dubi harafin. Maimakon ta juya kamar kullum, sai ta tsaya.

"Wannan za ka sa masa?"

"Ita ce a rubuce. Na nemi ɗayar a wajen hukuma, babu. Na nema a wajen wanda ya gani da ido, babu. Me ya rage? In bar shi ba dutse, mutane su ce ɗan masassaƙi ne ya kwana dubu a ƙarƙashin katako?"

Ta koma cikin gida, aka jiyo ƙarar murfin kabad. Ta dawo da wata tsohuwar jakar leda, ta zaro katuna biyu na ƙaramin asibitin garin, sun yi ruwan ƙasa don tsufa. Ta ɗora su a kan dutsen, daidai kan sunan Galih.

"Ka taɓa karanta waɗannan?"

"Na mene ne?"

"Ina za ka sani. Na farkon kana kan tsauni kuna fasa dutse. Na biyun ka kai aiki garin Blitar, ka dawo ka tarar da ni a kwance, ka ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ka tambayi inda aka ajiye maka guduma."

Sai a sannan ya gane. Sau biyu ta yi ɓari kafin Galih, shekara talatin ke nan, kuma ba a sake ta da maganar a gidan ba. Ya sa tabarau. A kowane kati, da rubutun hannun wata nas, akwai kalma guda doguwa: *keguguran*. Bu Lastri ta sa babban yatsanta na hagu ta rufe farkon kalmar, ta sa na dama ta rufe ƙarshenta. Abin da ya rage a tsakanin yatsun nata harafi biyar ne.

"Karanta," ta ce.

Bai karanta ba, amma leɓɓansa sun motsa.

"Na farko wata uku. Na biyu wata biyar, har an ga namiji ne. Na tambayi nas ɗin me ta rubuta, ta ce haka ake cewa da duk abin da ya faɗo bai nuna ba, ko mangwaro ne ko ɗan mutum. Ba ta tambaye ni wane abokin gaba ne ya harbe su ba. Ba ta ce in jira kwamanda ba." Muryarta a bushe take, kamar mai lissafa kayan miya. "Shekara uku ina kallon ka kana goge takalmi kana zuwa roƙon kalmar nan a wajen mutanen da suka same ta jiya. Ni sau biyu aka ba ni ita kyauta, tana cikin kabad ƙarƙashin zannuwa."

"Bu, wannan daban, waccan daban."

"A wajen wa? Yaron nan ya yi aure? Ya ga ɗansa? Ko gemun kirki ya tsayar? Na bar masa wake yana jiƙa zai zo ran Asabar. Galih shi ne na ukun, Pak, shi dai ya fi su daɗewa ne. Shekara ashirin da huɗu ina jira ya nuna." Ta ɗage yatsunta daga katin. "Kai jarumi kake so a ba ka. Ni ban haifi jarumi ba, kuma ban binne jarumi ba. Ɓari na yi. Rubuta."

Pak Marsudi ya zauna a kan wani guntun dutse. Cikin shekara talatin da biyar na aurensu bai taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan ba.

"Mutane za su karanta ta ta wata fuskar," ya ce a ƙarshe.

"Su karanta. Kai dai ka san abin da ka sassaƙa. Ni tambaya ɗaya nake yi maka, tunda kai ne sarkin gaskiya a garin nan. Ƙarya ce?"

Ya dubi katunan, ya dubi ranakun biyu da ke kan dutsen, ya yi lissafin da ya daɗe yana gudu.

"Ba ƙarya ba ce."

Ta kwashe katunanta ta mayar cikin leda. A bakin ƙofa ta ce masa kofin zai huce.

Ya goge harafin fensir ɗin da gefen zanin da ya ɗaura irin na mazan garin. Washegari tun da safe unguwa ta ji ƙarar cizal, ƙwas, ƙwas, a hankali fiye da yadda aka saba ji. Aikin awa biyu ne, ya wuni yana yi. Ya samu kalmar da ya shekara uku yana nema, amma abin da yake nema a cikinta ya tafi, kuma ya san ba zai dawo ba. Yana so ne a ce masa mutuwar ɗansa ta sayi wani abu, ko da taku ɗaya ne na ƙasa. Abin da ya sassaƙa kuwa cewa yake yi yaro ne ya faɗo tun bai kai ba, a banza, da safiyar Talata. Ban taɓa ganin aikinsa mai kyan wannan ba, kuma ban taɓa ganin mutum ya tsani aikin hannunsa kamar haka ba.

Ranar cikar kwana dubu aka yanka akuya, mata suka cika tsakar gida da tukwanen shinkafa, maza suka zauna a tabarmi aka yi tahlili aka yi addu'a. Aka wanke tattabaru biyu da ruwan furanni aka sake su, ɗaya ta tashi, ɗayar ta sauka a kan rufin makwabta ta zauna abinta. Sannan aka ɗauki dutsen, mutum shida, aka nufi maƙabarta. Da aka cire katakon da ya ruɓe aka daidaita dutsen aka yaye ƙyallen da ke kansa, sai guna-guni ya bi cikin jama'a.

"Alhamdu lillahi, ashe sun sakko!" in ji wani dattijo. "Barka, Pak Marsudi. Naci ya yi rana."

"Ba su aiko da komai ba," in ji Pak Marsudi.

Aka dubi juna. Parno ya matso ya dafa kafaɗarsa, yana murmushin wanda ya ci gardama. "To ka gani, Mas? Ka buga abinka, sama ta faɗo? Ai da tun bara ka ji maganata." Pak Marsudi ya sunkuya yana cire siminti daga gefen dutsen da farcensa.

Ana cikin haka wata mota ta tsaya a bakin hanya. Bram ne, cikin fararen kayansa, shi kaɗai, ba wanda ya aiko shi. Jama'a suka buɗa masa hanya. Ya tako tsakanin kaburbura, taɓo yana ɓata masa takalmi, har ya iso gaban dutsen. Ya karanta sunan. Ya karanta layin ƙarshe, ya sake karantawa, idanunsa suka ciko. Sai ya haɗe dugadugansa, ya ƙame, ya ɗaga hannu ya sara. Wasu daga cikin mazan suka cire huluna.

Bu Lastri tana durƙushe a gefen kabarin da kwandon furanni a cinyarta, tana barbaɗawa daga kai zuwa ƙafa. Ta ɗago ta dube shi. Babu fushi a fuskarta.

"Sauke hannunka, Nak Bram," ta ce. "Wannan kalmar ba taku ba ce."

Ta ci gaba da barbaɗa furanninta. Bram ya sauke hannun a hankali, ya tsaya da shi a gefensa, bai san inda zai sa shi ba.